Ishiyaku Mai Tantan da Jan Ƙyallensa

Duk wanda ya yi noma tsakanin Madachi da Fammar a shekarun baya ya san Malam Ishiyaku mai tantan, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba, don tun daga nesa ake jin rugugin motar nomansa, baƙin hayaƙi yana bin ta a baya. Mutum ne gajere, kakkaura, mai tsadar fara'a. Tafin hannunsa ya yi kanta, faratansa kuwa baƙi ƙirin da baƙin mai, sabulu ya daɗe da sallama su. Matarsa Ramlatu har tabarma ta ware masa saboda warin man gas, amma a kan tabarmar take zama kusa da shi idan zai ci tuwo, tana yi masa fifita tana ba shi labarin gari.

Motar ba tasa ba ce. Ta ƙungiyar manoman ƙauyensu ce, wani ƙaramin ƙauye a gefen Madachi. Dattawa suka sayo ta a gwanjo tun Ishiyaku yana da ƙuruciya, kuma ko a lokacin tsohuwa ce tukuf, ƙirar zamanin Turawa. A hannun direbanta na farko, Malam Ramalan, ya koyi tuƙi da gyara, da Ramalan ya rasu aka miƙa masa mukulli. Shekara talatin da ɗoriya yana kanta. Ya yi wa uba huɗa, ya yi wa ɗa, har Unguwar Gai ake zuwa kiransa. Bai tara abin duniya ba, bai ma nema ba. Abin da yake tinƙaho da shi guda ne: a duk ƙasar Rano da Kibiya babu wanda ya san cikin wannan ƙarfe kamar shi, kuma saninsa na gumi ne.

Motar tana da wani hali da ya bambanta ta da motocin yanzu. Batir kai biyu gare shi, ja da baƙi. A motar zamani baƙin kai ake ɗaure wa wayar da ke tafiya jikin ƙarfen mota. Ita kuwa a juye aka ƙera ta, jan kai ne yake tafiya jiki. Da yake wayoyin nata sun tsufa sun koma kala ɗaya, sai Ishiyaku ya samo jan ƙyalle wurin tela ya ɗaure wa wayar jiki, don kada wata rana gaggawa ta sa a juya su. Sannan ba ta da irin injin cajin da motocin yanzu suke da shi, danamo gare ta. Shi kuma danamo sai an nuna masa hanya. Duk lokacin da aka sauke shi ko aka canja zaman batir, sai a ɗauki guntuwar waya, a ɗora baki ɗaya a kan batir, a ɗan taɓa ƙaramin kan danamo da ɗaya bakin, ƙiftawar ido, ya yi tartsatsi. Shi ke nan ya san inda zai tura wuta. Idan ba a yi masa haka ba, ko dai ya ƙi caji, ko ya kama kokawa da batir har ɗayansu ya ƙone.

Guntuwar wayar tagullar da yake wannan aiki da ita ta Ramalan ce, a cikin wata 'yar jakar fata yake ajiye ta don kada ta huda masa aljihu. Idan zai taɓa, sai ya kori kowa, saboda ya taɓa ganin batir ya fashe ruwansa ya tsiyaye idon wani kwandasta a tashar Rano. Zai ce, "Ku matsa!" ya yi bismilla a hankali, ya kanne ido ɗaya, ya taɓa. Iyakar abin ke nan. Amma fa a faɗi gaskiya, Ishiyaku ba mai bayani ba ne. A ganinsa mai hankali zai tambaya, marar hankali kuma ɓata yawu ne. Da haka ya shekara talatin babu wanda ya tambaya, shi ma bai gaya wa kowa ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Ishiyaku yana cikin waɗanda suka fi kowa murna. Shi ya kwashi mutanen ƙauye a tirelar motar ya kai su bakin titi suka hau motar birni don halartar taron. Gidan burkutun da ke bayan kasuwa ya rufe, 'yan caca suka watse, ya ce alhamdu lillahi. Abin da bai yi tsammani ba shi ne za a samu waɗanda za su mai da gyaran tarbiyya sana'a, su bar nasu laifin a gida su fito farautar na mutane.

Cikin irin waɗannan akwai Mukhtar, wanda dattawa suke kira Muntari, shi kuma ya tsani a kira shi haka. Ya yi 'yan shekaru a birni yana karatu, ya dawo da tabarau da jakar takardu, aka ba shi shugabancin ƙungiya don shi ya iya rubuta wasiƙa da Turanci. Ba malami ba ne, liman ma bai san da zamansa ba, amma komai ya gani sai ya yi masa hukunci. Wata rana da hantsi ya tarar da Ishiyaku yana duba mai, ya nuna ƙyallen da bakin biro.

"Baba Ishiyaku, wai wannan jan abin na mene ne?"

"Alama ce," in ji Ishiyaku, ko ɗagowa bai yi ba.

"Alamar me?"

"Alamar wanda bai sani ba ya bar ta a inda ya gan ta. Muntari, matsa ka tare min haske."

Mukhtar ya matsa, amma bai manta ba. Cikin 'yan kwanaki magana ta zaga gari: jan ƙyalle a jikin mota, laya a aljihu, ga korar mutane, ga motsa baki. Waɗanda suka shekara talatin suna ganin abin nan ba su ga komai ba, yanzu kowa ya tuna ashe shi dama ya daɗe yana zargi.

Ana cikin haka zaɓe ya ƙarato, zaɓe na biyu bayan dawowar mulkin farar hula. Wani mai neman kujera, Alhaji Haliru, ya aiko cewa zai gyara wa manoma motarsu. Gyaran kuwa shi ne sabon batir guda da gwangwanin fenti biyu. Mukhtar ya kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, ya ce bai dace a kawo babban baƙo a tsayar da shi gaban tsafi ba. A ranar Ishiyaku ya danne zuciyarsa ya fara bayanin jan kai da baƙin kai, sai Mukhtar ya zaro wani littafin gyaran mota daga jaka ya ɗaga sama.

"Jama'a, ga shi a rubuce har da hoto. A duk duniya baƙi ne yake tafiya jiki. Direban Alhaji da ya kawo kayan ga shi nan, ku tambaye shi."

Direban ya gyaɗa kai ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin akasin haka ba. Aka ce Ishiyaku ya fito da layar. Ya jefa musu jakar fatar, Mukhtar ya sa reza ya farke ta a gaban kowa, guntuwar waya ta faɗo ƙasa. Ishiyaku ya zaci kunya za ta kama su. Ina! Wani daga baya sai ya ce ai wanda babu rubutu a ciki shi ya fi haɗari, aka yi ta a'uziyya. Ishiyaku ya dubi dattawan da ke zaune a kan buzu, mutanen da ya yi wa huɗa cikin ruwa da rana, wasu ma ya yi musu a shekarar da ba su da ko ƙwayar iri. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ciro mukullin ya ajiye a kan tabarma, ya yi tsaki mai tsawo, ya tafi gida.

Ranar bikin ƙaddamar da gyararriyar motar bai yi niyyar fita ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Ya tsaya can baya a gindin wata ɗorawa, abin da ya gani kuwa ya ishi mutum ya ƙi cin abinci. Ko wanke motar ba su yi ba. A kan baƙin mai da kashin kaji da busasshen taɓo suka shafa fentin, ya yi gudaji-gudaji kamar ƙurajen ƙazuwa, har tayoyi da gilashin fitila ba su tsira ba. An manna hoton Alhaji Haliru a goshinta yana washe haƙora. An yanke ƙyallen. Tun daga inda yake tsaye ya hango sabon batir a zaune irin zaman motar zamani, baƙin kai a jiki.

Bayan azahar Mukhtar ya hau kujerar direba da babbar riga, ya murza mukulli. Motar ta yi ɗan nishi ta yi shiru, don batirin ya daɗe a kanti, wutarsa ta yi sanyi. Aka matso da jibgegiyar motar Alhaji, aka buɗe gabanta, direban ya fito da wayoyin nan masu baki kamar na kada, ya maƙala daga batirinsa zuwa na tantan don a sam mata wuta. Ishiyaku ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya.

"Kai direba! Tun da kun juya batir, ku nuna wa danamo hanya kafin ku tayar!"

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Baba, hanyar Kibiya ko ta Rano?" Mukhtar ya sake murzawa, injin ya juya sau biyu, ya kama da ƙarfi. Wuri ya kaure da kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Mukhtar ya juyo ya nemi idon Ishiyaku a cikin taro, ya yi masa murmushin na gama da kai. Shi kuwa Ishiyaku ya san injin zai tashi, don abin tayar da shi bai damu da ja ko baƙi ba. Ɓarnar a wani wuri take. Akwai wani ƙaramin akwati da yake haɗa danamo da batir idan inji yana aiki, ya raba su idan an kashe. A wannan lokacin bakunansa suna can suna tartsatsi suna narkewa, ana ta tafi a kansu.

Aka kashe motar don Alhaji ya yi jawabi. Bakunan akwatin kuwa sun riga sun manne, sai batir ya shiga juye wutarsa cikin danamo. Alhaji yana tsakiyar alkawarin taki da rijiyar burtsatse, Ishiyaku ya ji warin. Wari ne mai hawa kai, na ƙonanniyar roba da tagulla. Kafin ya keta taron hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta bi wayoyi ta kama sabon fenti. Manyan riguna suka tarwatse, mai jawabi ya yar da lasifika, Mukhtar ya tsallake benci har takalminsa ɗaya ya fita. Ishiyaku ne ya isa wurin, ya damƙi wayar batir da hannu tsirara, ya murɗa ya fizge. Sannan ya shiga ɗiban ƙasa yana watsawa har wutar ta mutu. Da ya buɗe hannunsa, fatar tafin ta saɓule duk da kantar, danamon da ya naɗa wa sabuwar waya da kansa sau biyu kuwa ya zama gawayi.

Ya juyo yana haki, yana jiran ko mutum ɗaya ya ce ashe gaskiyarka. Abin da ya ji shi ne raɗa. "Kun gani, shi kaɗai ta yarda ya taɓa ta." "Ni na ga bakinsa yana motsi a gindin ɗorawa." Babu wanda ya yi masa sannu da hannu. Ramlatu ce ta shafa masa zuma ta naɗe da tsumma, ta yi sati uku tana ba shi abinci a baki.

Zaɓe ya wuce, Alhaji Haliru ya wuce tare da shi. Mukhtar ya kawo masu gyaran wayarin mota har biyu, ɗaya daga Rano, ɗaya daga birni. Ba za a ce ba su iya aikinsu ba, amma a motocin zamani suka koya. Suka ja sabbin wayoyi, suka samo tsohon danamo da akwatinsa suka ɗaura, babu wanda ya san ana nuna masa hanya. Danamo ya ƙi caji. Na birnin da ya ji labarin jan ƙyalle sai ya tattara kayansa ya ce aikin nan ya fi ƙarfin sifana. Da ruwan farko ya sauka aka tura motar ta tashi, wani direban haya ya shiga da ita gonar wani mai suna Manu da ke fadama, ta mutu masa a tsakiyar taɓo. Batir babu wuta, wurin turawa babu, motar da za ta sam mata wuta ba za ta iya shiga ba. Kwana goma sha ɗaya tana nan ruwa yana dukanta, gonaki suna jiran huɗa, ciyawa tana cin ƙasa.

Manu Bafulatani ne da ya daɗe da zama yana noma, kuma in Ishiyaku yana da aboki to shi ne. Shi dattawa suka aiko wata safiya. Ya zauna a zaure, suka gaisa, ya tambayi hannu, sannan ya ajiye mukullin a tsakaninsu.

"Mutane sun ce a ba ka haƙuri, an yi maka ba daidai ba. Ga mukullinka. Abu ɗaya suke roƙo, ka zo gaban jama'a ka ce ka yafe, ka kwance abin da ka ɗaure."

"Me na ɗaure, Manu?"

"Kai ka sani, abokina. Ni ban zo tone-tone ba."

Ishiyaku ya ɗauki tsinke ya shiga zane a ƙasa. Ya zana batir, ya zana danamo, ya ja layi ya nuna inda wuta take bi da inda take komowa. Bai taɓa yi wa wani mahaluki bayani mai tsawon wannan ba. Manu ya saurara da ladabi yana cewa to, to, har ya gama.

"Duk na ji, wallahi na ji. Amma dai ka daure ka kwance. Muntari ya ce in ba ta tashi zuwa Juma'a ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta a nan inda take."

Ishiyaku ya dubi mukullin. Ya san in ya ɗauka ya amsa sunan da suka laƙaba masa, shekara talatin na gumi sun koma aikin boka. In kuma ya ƙi, za a zo da wutar walda a yi gunduwa-gunduwa da ita. Ya tuna ba a ko kifa gwangwani a bakin bututun hayaƙinta ba, ruwan kwana goma sha ɗaya yana gangarawa cikin inji. Wannan tunanin ne ya karya shi. Ya miƙa hannun da ya ƙone ya ɗauki mukullin, yana jin ƙyamar kansa fiye da yadda yake jin tasu.

Kusan rabin gari ya biyo shi fadama. Ya tsaya a bakin gona ya ce, "Na yafe," kalmar tana yi masa ɗaci a baki. Ya shiga taɓo har gwiwa, ya tsiyaye ruwan da ya shiga inda bai kamata ba, ya sa aka ɗauko aron batir daga wata motar itace, ya zaunar da shi yadda aka ƙera motar, jan kai a jiki. Ya tsinci wata guntuwar waya da masu gyara suka yar a ƙarƙashin kujera, ya feƙe bakinta da haƙori. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya karɓi motar. Ya ɗaga wayar sama ya kira su.

"Ku matso ku gani! Waya ce, wayar banza, ba tawa ba ce ma. Muntari, zo ka riƙe da hannunka, kai za ka taɓa. Kowa ya matso!"

Babu wanda ya motsa, sai ma na gaba suka ja da baya suna take na bayansu. Ya jira. Da ya ga jiran ba shi da amfani ya taɓa, ta yi tartsatsi, ya hau ya murza mukulli. Motar ta yi tari ta tofar da baƙin ruwa, ta tashi, allurar caji ta ɗaga. Wannan karon babu kabbara babu guɗa. Ta cikin ƙarar injin ya ji Mukhtar yana cewa, "To jama'a, kun dai gani da idonku," dattawa suna gyaɗa kai suna neman tsari.

Ya ƙara shekara shida a kan motar kafin gwiwa ta hana shi hawa. Ba a sake yi masa gardama ba, gaisuwa ma har da rusunawa, amma an daina sa hannu a kwano ɗaya da shi wurin suna ko sadaka, a sahun salla kuma sai na kusa da shi ya ɗan janye ƙafa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce koya min. Duk wannan ya shanye shi da tsaki. Wanda bai shanye ba a ranar fadamar ya same shi.

Ya gama huɗar gonar Manu da la'asar sakaliya, ya dawo gida taɓo har wuya, ya yi wanka ya zauna a tabarmarsa. Ramlatu ta kawo tuwo da miyar kuka ta ajiye, sai dai ba ta zauna ba. Ta tsaya daga gefe tana murza bakin zaninta. Ya yanko loma, ya ɗago ya ga tana kallon hannunsa.

"Malam, in tambaye ka mana, kada ranka ya ɓaci," ta ce a hankali. "Tsakaninka da Allah, da gaske babu komai a jikin motar nan?"

Ya dube ta, matar da ta shekara talatin da biyu tana zazzage aljihunsa kafin ta wanke masa riga. Ya buɗe baki zai fara daga jan kai da baƙin kai, sai ya ji ba shi da sauran yawun da zai yi bayani. Ya mai da lomar cikin kwano, ya rufe da faifai, ya jawo buta ya wanke hannunsa.